Ruwan Laraba

Dutse na goma sha ɗaya na ɗaga, na juya cikinsa sama, na kanga shi a hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganyaye. Babu komai. Santsi ne kawai, sai wata 'yar laka mai ruwan toka da ta manne min a yatsa. Na mayar da shi yadda na same shi, kamar yadda Baba ya koya min, na ɗaga na goma sha biyu.

Rafin na wucewa ta gefen dogayen takalmana na roba, garau, har ina iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Inuwar wani tsohon ɓaure ta lulluɓe shi, sanyinsa na ratsa robar yana taɓa min ƙafa. Duk wanda ya gan shi da ƙishi sai ya durƙusa. Na'urar awon da ke rataye a wuyana ma ra'ayinta ke nan: sau uku ina tsoma ta, sau uku tana cewa lafiya lau.

"Malama, in zinariya ake tona ki faɗa min, in tuɓe takalmi in shigo," in ji direban ofishinmu daga kan gaɓa, yana kaɗa makullin mota. "Da can minti ashirin kin cika kwalabenki mun kama hanya."

Gaskiya ya faɗa. Aikina a hukumar kula da ruwa shi ne duba lafiyar rafuka, wannan kuwa rafinmu ne, a bakinsa aka haife ni. Shekara uku ke nan, duk bayan wata uku nakan zo ranar Laraba in cika kwalabe shida, in jera su a akwatin ƙanƙara, in kai ɗakin gwaji. Sau goma sha ɗaya sakamako na fitowa fes, sau goma sha ɗaya ina sa hannu. Wannan zuwa na goma sha biyu shi ne mai nauyi. A kan rahotona za a sabunta wa kamfanin narka tsofaffin batura da ke saman dajin lasisin shekara biyar. A kansa kuma za a yanke ko gidaje arba'in da ke ƙasan dajin suna buƙatar rijiyar burtsatse, ko kuwa rafin ya ishe su.

Marigayi Baba malamin daji ne, bai taɓa riƙe na'ura ba. Wani farin farantin tasa ne kayan aikinsa, da 'yar raga, da guiwoyinsa. "Kwalba ruwan minti ɗaya take ɗauka, Auta," yakan ce min ina yarinya. "Wanda ya wuce jiya ba ta san shi ba. Amma bayin Allahn nan da ke ƙarƙashin dutse, a nan suke kwana, a nan suke tashi, shekara guda cur. Su za ki tambaya." Shi ya nuna min mai wutsiya uku, ɗan ƙwaron da ba ya zama sai a ruwa mai tsafta. Ya nuna min magini, 'yar tsutsar da ke harhaɗa ƙwayoyin yashi ta gina wa kanta gida kamar guntun tsinke. Ya ce ranar da na ga sun gudu, jar tsutsa ta gaje wurin, kada in sha, kada in bar kowa ya sha.

A makaranta na tarar da su duka a littafi, da dogayen sunaye masu karya harshe. Amma fom ɗin ofis ba shi da gurbinsu, mota na jira, ni kuma na'ura ta sa min girman kai. Shekara uku ban durƙusa na ɗaga dutse ko ɗaya ba. Da safiyar nan ma don na ga farantin Baba ne a tsakar gidan Inna, kaji na shan ruwa a ciki, kunya ta kama ni, na wanke shi na taho da shi.

Can sama da katangar kamfanin na fara. Dutse ɗaya na ɗaga suka watse a tafin hannuna, mai wutsiya uku ya fi ashirin, ga magina jere, ga 'yar ƙaguwa tana min barazana. Nan ƙasa kuwa, tafiyar minti goma tsakani, na kafa raga, na tattaka tsakuwa da ƙafa, na juye abin da na kama a faranti. Jar tsutsa tara. Sai gidajen magina birjik, na latsa ɗaya bayan ɗaya, duk kango.

Na ce wa direba ya je ya nemi abin da zai ci, zan daɗe a gida.

* * *

Gidan Inna shi ne na farko in an fito daga dajin. Mun yi, mun yi ta dawo gari wurinmu, ta ce inda mijinta ya bar ta nan za a ɗauke ta. Na same ta a kan tabarma bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Da safe ina sauri ban lura ba. Yanzu na ga sun kumbura sun yi sumul, silifanta a gefe, ya daina shiga.

"Inna, ƙafar nan fa?"

"Tsufa ne, ba ya sallama. Ke dai wanke hannu, abincinki na nan a rufe."

Ta miƙa hannu ta ɗebo ruwa a randa ta ba ni. Na karɓi kofin na riƙe. A jikin bango ga jarkoki huɗu masu ruwan ɗorawa, waɗanda Yaya ke ɗauro mata a babur duk mako daga famfon gari. Tun da ya sami aiki a kamfanin nan yake wannan hidima, ni kuwa ba inda ban yabe shi ba.

"Na jarka ne wannan?"

Ta taɓe baki. "Ke ma kin ɗauko irin ta yayanki? Ruwan nan nasa warin roba yake, ba ya kashe ƙishi. Barkonona nake ba, in yi wanki da saura. Kada ki faɗa masa, zai ji ba daɗi, yana wahalar ɗaukowa. Ni da na sha rafin nan shekara hamsin? Kuma ba ke ce kike auna shi ba? Ga allo can an kafa da sa hannunki."

Na ajiye kofin a hankali, ban sha ba.

"Sai dai rafin nan yana kewarki," ta ci gaba tana dariya. "Duk zuwan da kika yi, washegari sai ya yi wani ɗaci-ɗaci, kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa a ciki. Har maƙwabta sun gane. Sai ka ji suna cewa 'yar malamin daji ta tafi, ruwa ya yi fushi."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Dokar aikinmu ita ce ranar awo sirri ce, daga ni sai darakta. Direba ma sai da safe yake sanin inda muka nufa. Amma Inna ba ta yafe a faɗo mata ba sanarwa. Sau ɗaya na gwada, a shekarar farko ta aikina a wani yanki, ta yi mako tana mitar na sa ta kunya, na tarar da tukunya a kife. Tun daga nan duk Asabar ɗin da ta gabaci zuwana nakan kira ta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin tona sirri ba. Uwata ce.

"Inna, wa kike faɗa wa ranar da zan zo?"

"Wa kuwa zan faɗa wa? Yayanki mana. Kina kashe waya nake kiransa. Shi da bakinsa ya roƙe ni, wai kada Auta ta zo ta tafi ba ku gaisa ba." Fuskarta ta cika da alfahari. "Ku biyu Allah ya bar min, kuma ya haɗa min kanku. Me ya fi wannan?"

Yaya shi ne mai kula da tankin ruwan dattin kamfanin. A hannunsa ƙarfen da ke buɗe bututu da rufe shi yake. Na san haka tun ranar da ya fara aiki, har barka na yi masa. Ashe da ɗan gari akan ci gari, ni ce kuma 'yar garin.

* * *

Wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar babur ɗin Yaya. Ya shigo da jarka a kowane hannu, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana faɗin, "Ina manyan ma'aikata? A ba mu na goro mana." Yaya ne da ya bar makaranta a aji huɗu, shekarar da Baba ya rasu, don ni in ci gaba da tawa. Shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi jami'a, ya ɗora min akwati a kansa kamar ɗan dako. Ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Na ce ya zo bayan ɗaki ina son magana da shi. A nan Inna ke da 'yar gonar barkononta. Na ajiye masa farantin Baba a kan turmi, jar tsutsa na ta mutsu-mutsu a ciki, gidajen magina na yawo a saman ruwan.

Ya san farantin. Shi ma a bayan Baba ya koyi ɗaga dutse, tun kafin a haife ni. Ya duba sau ɗaya ya kau da kai.

"Kwana nawa kake rufewa kafin in zo, Yaya?"

"Uku."

"Daga nan fa?"

"Tankin kwana uku yake ɗauka. Na huɗu dole a sake shi, in ba haka ba ya yi ambaliya cikin kamfani."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Sauran ranaku kaɗan-kaɗan ake saki."

Wato duk takardar da na sa wa hannu cewa ruwa lafiya, washegari sai an zuba wa mutane dattin kwana uku a safiya ɗaya. Zuwana ma ƙara musu cuta yake.

"Ranar da suka ji ƙanwata ce mai awo, manaja ya kira ni ofis ya ba ni kujera," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ban taɓa zama a ofis ɗin nan ba sai ranar. Ya ce abu kaɗan suke so, rana kawai. 'Ya'yana biyar, Auta. Mutum nawa ne a bakin ƙofar nan kullum suna jiran a kori wani? Kuma ai ban bar Inna ta sha ba. Ko mako ɗaya ban taɓa fashi ba, ana ruwa ana rana."

"Yaran maƙwabta fa? Su wa ke kawo musu jarka?"

Ya sa hannu yana tsinkar ganyen barkono.

"Dubi abin da kake tsinka, Yaya. Ka taɓa ganin barkono ya yi kore haka, wata huɗu ba a yi ruwan sama ba?"

Ya dubi barkonon. Ya dubi ƙasar da ke gindinsa, jiƙe sharkaf, da jarkar da aka kife a gefe. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, don leɓensa ya saki kamar na wanda aka mara. Ya juya da sauri ya nufi tsakar gida, na bi shi. Ya buɗe randa ya ɗebo, ya kurɓa, ya furzar. Sannan ya durƙusa gaban Inna, ya kama ƙafarta, ya danna babban yatsansa a idon sawun. Da ya ɗaga, ramin ya zauna, bai taso ba.

"Kai, lafiyarka?" in ji Inna, tana janye ƙafar. "Yau kuma likita ka zama? Ku zo ku ci abinci, ya huce."

Ba wanda ya iya ci a cikinmu. Da zai tafi na raka shi wurin babur. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni kuma ga shi nawa ya ruɓe, rahoto na jirana. In na rubuta gaskiya, sunansa ne zai fara fitowa. In na yi shiru, shekara biyar ne. Ina cikin wannan tunanin ya taka babur ɗin, ya tashi, sai ya sake kashe shi.

"Gobe ƙarfe bakwai nake buɗewa," ya ce, bai dube ni ba. "Ki tsaya gindin ɓaure. Ki zo da kwalabe da yawa."

Na sallami direba ya koma shi kaɗai da kwalaben Laraba. Na juye randar Inna a rariya tana ta salati, na cika ta da ruwan jarka.

Bakwai da kwata na safiyar Alhamis ina tsaye a cikin rafin lokacin da ya canza. Wari ne ya fara isowa, mai yaji, irin mai sa ido ƙwalla. Sai ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki. Lambar na'urata ta rufta ƙasa. Na cika kwalba goma sha biyu, na ɗebi laka a leda, sannan na haura da gudu na tare hanya, ina roƙon matan da suka taho da bokitai su koma.

* * *

Darakta mutum ne mai fara'a, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Ya karanta rahotona shafi bakwai yana kurɓar shayi, ya gyaɗa kai a wurare da dama, har ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya jawo jadawali ya aza yatsa.

"Nan Laraba aka rubuta. Waɗannan kwalabe na Alhamis ne. Wa ya ba ki izinin awo ranar Alhamis?"

"Ranka ya daɗe, ranar ce suke saki."

"Na ji. Amma lauyansu zai ce ba a bi ƙa'ida ba, kuma ya yi gaskiya. Na Laraba fa, me suka nuna?"

"Fes suke. Amma duwatsun..."

Ya turo min fom ɗin a kan tebur. "Nuna min gurbin duwatsu in cike da hannuna." Ya cire tabarau ya sassauta murya. "'Yata, ki bar kaza cikin gashinta. In aka buɗe maganar nan, tambayar farko ita ce wa ke sanar da su ranar awo. Ta biyu, sa hannun wa ke kan rahoto goma sha ɗaya. Kin shirya?"

Na ce na shirya, a rubuta sunana a sama, na Yaya a ƙasa, shi ma ya yarda. Darakta ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai taɓin hankali. Na ƙi sa hannu a kan sakamakon Laraba. Ba a rasa mai sawa ba: wani abokin aikina, wanda ko hanyar dajin bai sani ba, ya sa kafin a tashi aiki. Aka sabunta lasisi. Takardar neman rijiya ta dawo da layi ɗaya, cewa al'ummar na da wadataccen ruwa mai tsafta. Ni aka mai da ni ɗakin ajiyar fayil, inda babu taga. Yaya kuwa ko mako bai ƙara ba 'yan kamfanin suka karɓe ƙarfen buɗe bututun, suka ba wani daga cikin masu jira a bakin ƙofa.

Na kai kwafin rahoton duk inda ƙafata za ta iya kai ni. Ko'ina amsa ɗaya ce: ana dubawa.

Da muka kai Inna asibiti, likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Ya tambayi irin ruwan da take sha, na ce masa na rafi ne. Yanzu sau biyu a mako ake ɗora Inna a kan injin wankin jini. Yaya ne ke zama da ita, ya rame ya yi baƙi, ba ya haɗa ido da kowa. Ita har yau ba ta san komai ba. Cewa take Allah ya ba ta 'ya'ya masu jinƙai, sai dai ruwan asibitin nan ba ya kashe ƙishi, wa zai samo mata na rafinmu ko kofi ɗaya.

* * *

Ranar wata Asabar na koma gidan in ɗebo mata zannuwa. Barkonon ya bushe ƙurmus. Na kulle ɗakin na fito, sai ƙafata ta ja ni zuwa bakin hanyar rafi, inda allon yake. Kamfanin ne ya kafa shi shekara biyu da suka wuce, ƙarfe mai kyau, fenti bai ko dusashe ba. An gwada wannan ruwa an tabbatar da tsaftarsa. A ƙasa ga hatimin hukuma, ga sa hannuna an ƙara masa girma.

Ina tsaye matar maƙwabcin Inna ta taho, goyo a baya, bokiti a hannu. Ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi.

"Don Allah kada ki ɗebo," na ce mata. "Na faɗa muku ranar nan. Guba ce a ciki."

"Mun ji, 'yar malamin daji. Wallahi mun ji." Ta gyara goyonta. "To ina za mu ɗebo?"

Sai ta matso kusa ta rage murya kamar mai neman alfarma.

"Ni dai roƙona ɗaya. In za ki sake zuwa awo, ki aiko mana tun da wuri, yadda kike yi wa Inna. Mun lura kwana ukun nan kafin zuwanki ruwan ya fi daɗi. Sai mu cika randuna."

Na kasa gaya mata cewa ba ni ce mai awo ba yanzu, kuma wanda ya gaje ni daga ofis yake cike fom ɗinsa. Na gyaɗa mata kai kawai. Ta yi godiya, ta sa min albarka, ta gangara. Bokitin ya bugi ƙafar allon ya yi ƙara, jaririn ya farka ya ɗago kai, sannan ya mayar ya kwantar a bayanta. Na tsaya ina kallonsu har inuwar ɓaure ta rufe su.